Yadda Gwanin Makaniki Ke Rage wa Tsohuwar Mota Shan Mai

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, idon duk mai tsohuwar mota a Nijeriya ya koma kan allurar mai. Kuka ɗaya ake kai wa gareji: "Maigida, motar nan shan mai take yi." Sau da yawa tushen matsalar wani ɗan ƙarfe ne da bai wuce tsawon yatsa ba, ɗaure a jikin bututun salansa kusa da injin. Makanikai na ce masa sensar oksijin.

Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1, bisa nauyi. Sensar nan ita ke sansanar hayaƙin da ya fito, ta sanar da kwamfutar motar ko an dace da ma'aunin. Da 'yar wutar da ba ta kai bolt ɗaya ba take magana: wajen 0.1 idan iska ta yi yawa, wajen 0.9 idan mai ya yi yawa. Kwamfuta kuma ta ƙara ko ta rage, yadda mai girki ke ɗanɗana miya tana daidaita gishiri. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙera ta, motocin Volvo suka fara fita da ita a 1976. Da yake kullum cikin zafi da toka take, ba farat ɗaya take mutuwa ba. Nawa take fara yi, amsarta ta riƙa makara, mai ya yi ta ƙonewa a banza.

Abin da ke burge ni da gwani shi ne ba sifana yake fara ɗauka ba. Na'urar bincike yake jonawa a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996. Lambobi su fito: P0135 na nufin wayar da ke ɗumama sensar ta samu matsala, P0172 kuma mai ya rinjayi iska. Mai son jiki a nan yake tsayawa. Ya goge lambar, fitilar gargaɗi ta mutu, ya karɓi kuɗinsa, bayan 'yan kwanaki ta sake kamawa. Gwani kuwa barin injin yake ya yi zafi, domin sensar ba ta fara aiki sai ta kai wajen digiri 300. Sai ya ɗan taka totur, ya zuba wa allon na'urar ido. Lafiyayya za ta riƙa hawa da sauka ba hutawa. Wadda ta gaji za ta ja jiki, ko ta maƙale wuri guda.

Ko a nan bai yanke hukunci ba, don ya san sensa na iya faɗin gaskiya a kan abin da aka ruɗe ta da shi. Idan salansa ta huje gabanin inda take, iskar waje za ta kutsa, ta ce iska ta yi yawa, kwamfuta ta yi ta ɗura mai. Shi ya sa yake kasa kunne, yana neman baƙin tabo a mahaɗar bututu. Ya ciro fulogi ya duba ko ya yi baƙi. Ya buɗe matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke cikawa. Sannan ya tambayi mai motar ko an taɓa cire mata tamostat, ƙofar da ke tsare ruwan lagireto har injin ya ɗumama. Garejinmu da dama na cire shi da sunan maganin zafi, alhali injin da bai kai zafinsa ba ƙarin mai ake ba shi, kamar dai yanzu aka tayar da shi.

Sai komai ya tabbata yake kwance sensar. Ya fesa man sassauta tsatsa, ya jira ya ratsa. Ya fara zare fulogin wayar, don kada ta murɗe. Ya sa soket mai lamba 22, mai tsaga a gefe inda waya ke bi, ya danna a hankali yana jin yadda zaren ke amsawa. Gaggawa a nan ita ke cinye zare, aikin rabin awa ya koma na yini. Sabuwar sensar dole lambarta ta dace da injin, kuma ta gaban matatar hayaƙi ce ke da ruwa da ma'aunin mai, ba ta bayanta ba. Ya shafa maiƙon hana kamewa a zaren kaɗai, ba ya bari ya taɓa kan sensar, ya fara ɗaurawa da yatsu kafin sifana. Wayar kuma ya mayar da ita kan maƙalanta, nesa da ƙarfe mai zafi.

Kai mai mota, kada ka dogara da allura wajen auna sakamako. Cika tanki, rubuta kilomita, yi zirga-zirgarka, sake cikawa, ka raba kilomitar da litar da ta shiga. Yi haka kafin gyara da bayansa. Duk makanikin da ya ce a sayo sensa bai nuna maka abin da take karantawa ba, ka nemi wani.