Ido huɗu, hoto babu

Wallahi tambayar nan ta ishe ni. Ka nuna wa mutum hoto mai kyau, maimakon ya tsaya ya kalla sai ya ce, "Megapixel nawa ce wayar?" Ku leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ku ji yadda ake ciniki: wannan idonta uku, waccan huɗu, wannan 108 ce, Samsung ma ta kai 200. Ba mai tambayar ingancin gilashin, balle shekara nawa abin zai yi a hannu.

Kun san ni da tsofaffin kyamarori, ba sai na ɓoye ba. Nikon FM2 ta fito a 1982, kuma har gobe in ka sa mata fim za ta ɗauki hoto ko babu batir, domin batirin na awon haske ne kawai, sauran aikin duk ƙarfe ne ke yi. Pentax K1000 kuwa tun 1976 ake ƙera ta har 1997, kusan a siffa ɗaya. In ɗayansu ta cije, mai gyara ya kwance, ya goge, ya ɗiga mai, ya ɗaure. Wayarka mai ido huɗun fa? Da gam aka liƙe ta, ranar da batir ya kumbura sai a ce maka gara ka sayi sabuwa. Kuma ba megapixel ke yin hoto ba: Malick Sidibé na Bamako da fim baƙi da fari ya ɗauki samarin garinsu a shekarun 1960, aikin da ya kai shi ga babbar lambar yabo ta Venice a 2007.

Ba a kyamara abin ya tsaya ba. Keken ɗinki Singer har cikin rabon gado yake shiga, keken Raleigh ya ɗauki uba ya ɗauki ɗa. Yanzu tocilar caji ba ta ganin damina biyu, mu kuma muna murna wai ta yi araha.

To, na ji, fim ya yi tsada, wurin wanki ya yi wuya, kuma Tecno ta yi ƙoƙari wajen fito da baƙar fata a hoto. Na ba ku wannan. Amma ku dubi hotunan bikin bana, don Allah. Wayar ta goge fuskar amarya sumul, ta ƙara mata hasken da ba da shi aka haife ta ba, ta share ɗan tabon goshin da kowa ya san ta da shi, har gwaggonta sai ta matso da wayar kusa tana tambayar ko ita ce.