Matsattsun haruffa da ƙugiyar Hausa: nazari daga allunan Matamaye

A wannan taƙaitaccen sharhi muna so mu duba zubin haruffan nan matsattsu marasa dungu, waɗanda maɗaba'un Faransa ke kira « linéales étroites », da yadda suke ɗaukar rubutun Hausa. Misalanmu daga allunan shaguna da takardun faɗakarwa muka ɗebo su, a garin Matamaye na jihar Damagaram.

Fitaccen samfurin wannan zubi shi ne Univers, wanda Adrian Frutiger ya tsara, kamfanin Deberny et Peignot na Paris ya fitar a 1957. Mai lamba 57 shi ne matsattse. Fa'idarsa a fili take: an rage faɗin harafi, an bar tsawonsa, saboda haka dogon suna ya kan shiga ƙaramin allo kuma a karanta shi daga nesa. Sai dai Turai aka tsara wa shi, tun kafin taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1978 su daidaita abacadan harsunan Afirka. Babu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ a cikinsa.

A nan ne matsala take. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka ƙugiya ce kaɗai ke raba « ƙafa » da « kafa », ko « baƙi » da « baki ». Ita kuwa ƙugiya a gefe take neman wuri, wato daidai abin da matsewa ke cinyewa. A ɓ da ƙ tana lanƙwasa bisa jikin harafin, ba ta ƙara faɗi. A ɗ da ƴ tana fita dama, ta yi karo da harafin gaba. Manyan baƙaƙe, waɗanda masu alluna suka fi so, sun fi wuya: ƙugiyar Ɓ da Ɗ hagu take fita. Mun ga alluna inda aka daddatse ta har ta koma ɗigo, ko aka yar da ita, « ƊAKI » ya zama « DAKI ».

Tun 1991 Unicode ya ba waɗannan haruffa lambobi, kuma zubi kamar Noto Sans matsattse yana ɗauke da su. Amma samuwar harafi daban, fitowarsa daban. Ɗalibin makarantun gwaji, irin wadda aka fara buɗewa a Damagaram a 1973, an koya masa lura da ƙugiya. Allon kasuwa kuma yana koya masa cewa ado ce.

Ra'ayinmu shi ne a kiyaye wa ƙugiya kauri da buɗinta na zubin asali, ko da an matse sauran harafin, a kuma ƙara 'yar tazara bayan ɗ da ƴ. In allo ya kasa, gara a rage kalma da a rage ƙugiya.