Lif ɗin Lumon ba ya tsayawa a kicin

Shirin Severance ya fito a Apple TV+ a watan Fabrairun 2022, daidai lokacin da kamfanonin Amurka ke ja-in-ja da ma'aikatansu kan kwana nawa za a yi a ofis, nawa a gida. A labarin da Dan Erickson ya tsara, ma'aikatan kamfanin Lumon sun yarda a dasa musu 'yar na'ura a ƙwaƙwalwa: in lif ya sauka da su ofis su manta gida, in ya hau da su su manta ofis. Mark, jarumin shirin, ya miƙa kansa ne don ya samu sa'o'i takwas ba tare da tuna rashin matarsa ba.

Duk wanda saƙon oga ya taɓa katse wa cin abincin dare zai yi sha'awar wannan lif. Ni ma na yi.

Amma dubi gidan da Mark ke komawa: tsit, ba yaro, ba tsohuwa mai jiran magani. Damuwarsa baƙin ciki ce, ba hidima ba. Macen da ke yin kwana biyu a mako tana aiki daga falo, kwamfuta a cinya, tukunya a wuta, a ina za a kafa mata lif? Tun 1989 Arlie Hochschild ta nuna a littafinta The Second Shift cewa matan Amurka masu albashi suna tashi daga aiki su tarar da wani a gida. Aiki daga gida ya haɗa biyun a sa'a guda.

Sau ɗaya kashi na farko ya taɓo wannan ciwo. Devon, 'yar'uwar Mark, ta haɗu da Gabby, matar wani sanata, a gidan haihuwa. Da suka sake haɗuwa Gabby ba ta gane ta ba. Ashe wata Gabby aka tasa ta sha naƙuda, wata ta rungumi jariri. Nan ne shirin ya fi kaifi, nan kuma ya fi gaggawar wucewa.

Milchick ya fi samun adalci. A kashi na biyu, na 2025, wannan manaja baƙar fata ya karɓi kyautar zane-zanen Kier Eagan, wanda ya kafa kamfanin, an mayar da shi baƙi, sannan aka tsawatar masa kan yawan manyan kalmomi. Ba a dasa masa komai ba, kullum shi ke raba kansa biyu da hannunsa, kuma da gajiyar yake kwana.