Kalmar "Majalisa" da Darasin Sha'anin Mulki a Ƙananan Makarantun Sakandare

Galibi abin da yaro kan kwaso daga darasin Majalisar Tarayyar Nijeriya lissafi ne kawai: Majalisar Dattawa kujera 109, watau uku uku daga jihohi 36 da ɗaya daga Abuja, Majalisar Wakilai kuwa kujera 360. Lissafin daidai ne, amma hardace shi ba ya nuna wa yaro aikin waɗanda ke bisa kujerun. Babban aibin darasin kuwa a kalmomi yake.

Kalmar "majalisa" aro ce daga Larabci, asalin ma'anarta wurin zama. Tun kafin Bahaushe ya san zaɓe ya san majalisar Sarki, inda Waziri da Galadima da Madaki ke kawo shawara, hukunci kuwa ya fito daga bakin Sarki. Da wannan tsohuwar ma'ana yaro ke shigowa aji. In malami bai warware masa ba, sai ya ɗauka Shugaban Ƙasa Sarki ne, 'yan majalisa kuma fadawansa. Alhali Sashe na 4 na Tsarin Mulkin 1999 Majalisa ya danƙa wa ikon yin doka, Sashe na 88 kuma ya ba ta ikon bincikar yadda ake kashe kuɗin da ta amince a kashe.

Haka "dattawa" ke sa yaro tuna furfura, ga shi kuwa mai shekara 35 na iya tsayawa takarar wannan kujera, ta Wakilai ma an rage zuwa 25 a 2018. "Ƙuduri" ya fi su rikitarwa, gama da shi ake kiran daftarin da ke neman zama doka, da shi kuma ake kiran matsayar da Majalisa kan cim ma ba tare da ta zama doka ba. Wajibi ne malami ya rarrabe su.

Maganin abin shi ne a bi daftari guda tun daga gabatarwa har ƙarshe. Sashe na 58 ya ba Shugaban Ƙasa kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi; in ya ƙi, sa'an nan kashi biyu cikin uku na kowace majalisa suka sake amincewa, ya zama doka ko babu hannunsa. Haka aka yi a 2000 kan dokar Hukumar Raya Yankin Neja Delta, zamanin Shugaba Obasanjo. Wannan misali ɗaya ya isa ya rushe kwatancin fada.

Nauyin gyara yana wuyan kwalejojin horon malamai, domin malamin da bai tantance kalma ba, ba ya iya tantance wa ɗalibi ita. Yaran nan kuwa nan da 'yan shekaru za su jefa ƙuri'a, kuma wanda ya ɗauki wakilinsa bafade ba zai taɓa tuhumarsa kan amanar da ya ba shi ba.