Zanen ramukan jiki na littattafan makaranta: amfaninsa da inda yake ɓatar da ɗalibi

Idan ka taɓa buɗe littafin koyon halittar jikin ɗan Adam, ko na sakandare ko na makarantar koyon aikin jinya, to ka san zanen da za mu tattauna a kansa. Mutum ne a tsaye, ya miƙe hannuwa ƙasa, tafin hannunsa na kallon gaba. An tsaga shi da layuka uku, sannan an shafa wa cikinsa launi daban-daban: kogon kai, kogon laka, kogon ƙirji, kogon ciki, kogon mara. Ɗalibi ya haddace, ya rubuta a jarrabawa, ya ci. Amma shin wanda ya haddace zanen nan ya fahimci yadda cikin jikinsa yake kuwa? Ra'ayinmu shi ne ya fahimci rabi, rabin da ya rage kuma shi ne wanda rai ya rataya a kansa.

Bari mu fara da yi wa zanen adalci. Tsayuwar nan ta tafin hannu gaba yarjejeniya ce, domin likitan Kano da na Alƙahira su nufi abu ɗaya idan sun ce gaba, ko baya, ko sama. Layukan uku ma haka. Yankan sajital ya raba dama da hagu, yankan koronal ya raba gaba da baya, yankan kwance kuma ya raba sama da ƙasa. Ba ado ba ne. A shekarun 1850, likitan fiɗa ɗan ƙasar Rasha Nikolai Pirogov ya riƙa daskarar da gawarwaki yana yanka su ta waɗannan fuskoki uku, don ya ga kowace gaɓa a mazauninta kafin ta gusa. Na'urar CT da Godfrey Hounsfield ya ƙirƙiro, wadda aka fara ɗaukar hoton marar lafiya da ita a Landan a 1971, irin wannan yankan take yi, sai dai babu wuƙa. Ka ga ke nan layukan sun biya kuɗin tawadarsu.

Matsalar tana wajen ramukan. Zanen yana nuna su kamar ɗakunan gida, kowanne da bangonsa, ga fili a ciki inda aka jera kaya. A jikin mai rai babu wannan filin. Dunƙule hannunka ka tura shi cikin balan-balan da ba ta cika da iska ba. Robar za ta lulluɓe hannun ninki biyu, ɗaya manne da fatarka, ɗaya a waje. Haka tantanin huhu yake: ninki ɗaya ya manne wa huhu, ɗayan ya manne wa bangon ƙirji, tsakaninsu kuwa ɗan ruwa ne da bai wuce mililita 10 zuwa 20 ba, wato cokali ɗaya ko ƙari kaɗan. Ruwan nan ne ke sa huhu ya zame ba tare da guga ba, kuma ya bi ƙirji duk lokacin da ya buɗe, kamar gilashi biyu da aka jiƙa aka haɗa: suna zamewa, amma raba su sai da ƙarfi.

Me ya sa wannan ya shafe ka? Saboda huhu kullum neman tsukewa yake yi, mannewar nan ce ke riƙe shi a buɗe. Idan wuƙa ko karyayyen haƙarƙari ya shigar da iska tsakanin ninkin biyu, sai huhun ya yanƙwane, numfashi ya gagara. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake feɗe rago ya ga huhu ɗan ƙarami a cikin ƙirji mai faɗi. Ai filin da ka gani, wuƙar mahauci ce ta samar da shi. Zanen littafi yana koya maka jikin da aka riga aka buɗe, alhali mai rai kake son fahimta.

Zuciya ma tana cikin irin wannan jaka, da ruwa mililita 15 zuwa 50. Jakar ba ta saurin miƙewa, don haka jini kaɗan da ya taru a cikinta farat ɗaya, ko da bai cika kofin shayi ba, zai iya matse zuciya ya hana ta cika. Ƙoƙon kai ya fi haka tsanani, domin ƙashi ne rufaffe da ƙwaƙwalwa da jini da ruwan laka suka riga suka cika shi. Shi ya sa wanda ya buge kansa a haɗarin babur, ya tashi yana magana lafiya lau, zai iya suma bayan wasu sa'o'i: jini na taruwa a inda babu wurinsa. Kogon ciki kuwa akasin haka ne, yana iya ɗaukar lita da yawa na ruwa ko jini kafin ido ya gane. Zanen ya shafa musu launi kamar duk ɗaya suke, bai gaya maka wanne ke miƙewa wanne ba ya miƙewa ba.

Kuskure na biyu shi ne iyaka. Yawancin mutane suna ɗauka ciki yana farawa ne daga inda haƙarƙari ya ƙare. Tsokar numfashi da ake kira dayafiram, wadda ta raba ƙirji da ciki, ba shimfiɗe take kamar tabarma ba. Ta yi tudu kamar kifaffiyar ƙwarya, kuma idan ka fitar da numfashi tana hawowa har kusan saitin kan nonon namiji. Ma'ana, mafi yawan hanta a ƙarƙashin haƙarƙarin dama take, saifa kuma tana hagu, bayan haƙarƙari na 9 zuwa na 11. To ka ga wanda ya faɗi ya karya haƙarƙarin ƙasa na hagu, zai ce maka ƙirji ke masa ciwo, amma mai yiwuwa saifarsa ce ta fashe tana zubar da jini a ciki. Irin wannan asibiti ake kai shi nan take, ba wurin mai ɗori ba.

Tsakanin ciki da mara kuwa, layin da aka ja na takarda ne kawai, babu wani bango. Mahaifa tana zaune cikin mara, amma wajen mako 12 na juna biyu take leƙowa sama, a mako 20 ta kai cibiya. Mafitsara ma idan ta cika sosai haurowa take yi. Ƙoda kuma, da zanen ke jefa su tsakiyar ciki, a bayan tantanin ciki suke, jingine da bangon baya, shi ya sa ciwonsu ya fi bayyana ta kwiɓi da baya.

Akwai kuma abin da littattafai da yawa ke faɗa a layi ɗaya su wuce: dama da hagu na mai jikin ne, ba na mai kallo ba. Hoton ƙirji ana duba shi kamar kana fuskantar mutumin, hoton CT kuma kamar kana tsaye a wajen ƙafafunsa kana kallon sama. Saboda haka hanta takan fito a gefen hagu na hoton. Kada ka ɗaga hankalinka wai an juya maka kayan ciki, duba harafin R ko L da aka sa a gefe.

Ba mu ce a jefar da zanen ba. Taswira ce, kuma mafari na buƙatar taswira. Abin da muke nema ga marubuta da malamai shi ne ƙari uku: a ajiye hoton CT na gaske kusa da zanen, a zana dayafiram a tudunsa lokacin shaƙa da lokacin fitar da numfashi, sannan a rubuta a ƙarƙashin kowane kogo yawan abin da zai iya ɗauka kafin a shiga haɗari. Kai kuma mai karatu, ɗora yatsunka a ƙasan haƙarƙarinka na dama ka ja dogon numfashi. Abin da ke saukowa wajen yatsun naka hanta ce, wadda zanen ya sa ka zaci tana can ƙasa kusa da cibiya.