Littafin Waƙoƙi da Shekarar Manomi a Ƙananan Ikilisiyoyi

Masu nazarin adabin Hausa sun saba raba waƙa gida biyu, wato ta baka da rubutacciya, su sa Shata da Narambaɗa a ɗaki guda, Aliyu Namangi da Sa'adu Zungur a ɗaya ɗakin. Akwai wata tarin waƙa da wannan rabo bai ba ta masauki ba, alhali kuwa kowace ranar Lahadi dubban mutane suke rera ta da Hausa, daga ƙauyukan Maguzawa na Kano da Katsina har zuwa duwatsun Filato da kwarin Binuwai. Ita ce waƙar majami'a. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba Littafin Waƙoƙi, wanda ikilisiyoyin Arewa da dama suke amfani da shi, ta auna shi da abu biyu: harshen da aka rubuta shi a ciki, da kuma shekarar mutanen da suke rera shi, waɗanda galibinsu manoma ne.

Ya kamata a fara da asali, ko da a taƙaice. Likita Walter Miller na mishan ɗin C.M.S. ya shigo ƙasar Hausa a 1900, ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, kuma a 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, inda aka gina majami'ar Bartalamawas da ƙasa, irin ginin Hausawa. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, Miller ne kuwa jigon fassarar. An sake fitar da wata fassara a 1979. Wusasa ƙaramin wuri ne, amma daga nan John Tafida ya fito, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. A gefe guda kuma mishan ɗin S.I.M. da na S.U.M. sun ɗauki Hausa ta zama harshen wa'azi da makaranta tsakanin ƙabilun da ba Hausawa ba. Ta haka Bajju da Birom da Angas da Tangale suka wayi gari suna yabon Allah da harshe ɗaya, daga littafi ɗaya.

Wanda bai san zaman ƙaramar ikilisiya ba zai iya ɗaukar littafin waƙa a matsayin ado kawai. A ƙauye abin ya wuce haka. Sau da yawa fasto ɗaya ne yake kula da majami'u uku ko huɗu, ba ya zuwa sai jefi-jefi, don baftisma ko ɗaurin aure ko Jibin Ubangiji. Sauran Lahadin mai bishara ne ko wani dattijo yake bi da sujada. Tsofaffi da yawa ba su iya karatu ba. Saboda haka abin da ya zauna a kan mutum na koyarwar addininsa, mafi yawansa ta hanyar waƙa ya shiga. Da ita ake yi wa jariri suna, da ita ake raka gawa. In waƙar ta karkace, fahimta ma ta karkace, shi ya sa batun ya wuce na jin daɗin kunne.

Aibi na farko da za a ɗora wa littafin shi ne na kari. Yawancin waƙoƙinsa fassara ce daga waƙoƙin Ingila da Amurka na ƙarni na 18 da na 19, irin waɗanda Ira Sankey ya tattara, kuma an riƙe muryoyinsu na asali. Waƙar Ingilishi tana ƙirga yawan gaɓoɓi cikin ɗango, alal misali takwas da shida, takwas da shida, tana kuma lura da gaɓar da ake dannawa. Waƙar Hausa kuwa, kamar yadda Greenberg ya nuna tun 1949, kuma Farfesa M.K.M. Galadanci ya faɗaɗa daga baya, a kan nauyin gaɓa take tafiya, wato wace ce mai nauyi, wace ce marar nauyi. Mai fassara da ya ƙirga gaɓa takwas ya ajiye alƙalami yana ganin ya gama aiki, bai san rabinsa ya yi ba. Inda muryar Turawa ta ja, can gajeren wasali zai faɗo, inda ta yi sauri, can dogon wasali zai matse.

A Hausa irin wannan yana canza ma'ana. A ɗauki kalmar gado, wadda take yawan fitowa cikin maganar ibada, domin ana yawan zancen abin da masu bi za su gada. In an ja wasalin farko, aka sauke murya a ƙarshe, dukiyar magada ke nan. In an gajarta shi, murya ta tsaya sama, abin kwanciya ne. Haka raina: da wani kari, ruhin mai magana ne, da wani karin kuma wulaƙanci ne. Haka wuya, ko ta jiki ko ta wahala. Daidaitacciyar hanyar rubutu ba ta nuna tsawon wasali, ba ta nuna karin sauti, don haka mai rerawa ba shi da jagora sai muryar waƙar, ita kuwa an tsara ta ne don wani harshe. Gaskiya ne ko makaɗan baka ba kullum muryarsu take bin karin magana sau da ƙafa ba. Amma da wuya a ji Shata ya gajarta dogon wasali don ya cika kiɗa. Bahaushen da ya shiga majami'a karo na farko yakan ji kalmomi na harshensa, ya kasa kama zancen sai ya duba takarda.

Duk da haka rashin adalci ne a tsaya nan. Mutanen da suka yi aikin kalmomin ibada na Hausa sun yi wani abin kirki da ba a cika yaba musu ba. Ba su tsallake rumbun kalmomin da Musulunci ya riga ya cika ba: suka ɗauki sujada da wa'azi da zakka da azumi da almajirai da Zabura da Linjila, suka ba su aiki a sabon gida. Inda suka ƙirƙira, sau da yawa sun dace. Idin Ƙetarewa da Idin Bukkoki suna ne da yaro ma zai gane. Jibin Ubangiji ya fi su duka, domin jibi tsohuwar kalma ce ta abinci wadda bakin 'yan birni ya fara mantawa, majami'a ce ta adana ta. Nunan fari kuwa manomi ne kawai zai san daɗinsa, shi da ya san ranar da aka fara karya tumu. Abin mamaki shi ne manyan idodi biyu, Kirsimeti da Ista, su ne suka zauna da sunan aro, ba a yi musu na gida ba.

Wannan ya kawo zance ga aibi na biyu, wanda ya fi na farko zurfi, wato na lokaci. Kalandar ikilisiya a Turai aka gyara ta, ta bi sanyi da ɗumin can. Da ta iso nan sai ta sauka a kan wata shekara dabam, mai bazara da damina da kaka da rani, littafin kuwa bai waiwayi wannan ba.

Kirsimeti ta yi sa'a. Ranar 25 ga Disamba tana faɗowa cikin hunturu, an gama girbi, rumbu cike, an sayar da gyaɗa ko auduga, akwai kuɗin ɗinki. Ana dafa shinkafa da nama a aika wa maƙwabta Musulmi, kamar yadda su ma suke aikowa da salla. Har labarin makiyaya da suke kwana a fili da garkensu ya fi dacewa da nan fiye da Ingila, domin a daidai wannan lokaci Fulani suke sauka cikin gonakin da aka girbe, ana hango wutarsu da dare. Idin ya zauna daram, ko da waƙoƙinsa ba su ambaci buji ko kara ko wutar jin ɗumi ba.

Ista ce ta yi hasara. Ana yin ta ranar Lahadi ta farko bayan cikar wata da ta faɗo ranar 21 ga Maris ko bayanta, saboda haka ba ta fita tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A Turai wannan lokacin tohon itatuwa ne bayan sanyi, mai waƙa yana duba taga ya ga duniya tana farfaɗowa, ya kwatanta da tashin Almasihu daga matattu. A Malumfashi ko Ikara kuwa tsakiyar bazara ce. Rijiyoyi sun ja baya, ƙasa ta tsage, dabbobi sun rame, ana kwana a tsakar gida saboda zafi. A ikilisiyoyin da suke kiyaye azumin kwana 40 daga Larabar Toka, kamar Angalikan da Katolika, wahalar azumin da ta yanayin sukan haɗu su zama abu ɗaya, wannan kam ya yi daidai. Amma safiyar idin kanta ba ta da tsiro ko ɗaya da za a nuna.

Sai dai ƙasar tana da nata misalin, wanda ya fi na Turai ƙarfi, littafin ne bai ɗauka ba. A ƙarshen bazara manomi yakan yi sharar gona, wani ma ya yi binne, wato ya zuba iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Irin nan daga abincin 'ya'yansa ya cire shi. Ya rufe shi da ƙasa ya koma gida, ba shi da wata shaida sai sa rai. In ruwa ya yi jinkiri, ko ya zo kaɗan ya ɗauke, ya yi hasara. Linjilar Yahaya ta kwatanta mutuwar Almasihu da ƙwayar hatsi da ta faɗa ƙasa, kuma kalmar binne ɗaya ce ga iri da ga mamaci a Hausa. Harshe ya riga ya yi rabin waƙar. Ga kuma gawo, wanda yake kore shar lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Mai fassara da idonsa yake kan takardar Ingilishi ba zai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Haka kuma akwai ranaku uku kafin Hawan Almasihu sama, waɗanda littafin addu'a na Angalikan ya keɓe, bisa tsohuwar al'ada ta roƙon albarkar gona da aka faro a Faransa wajajen shekara ta 470. Tun da Hawan yana zuwa kwana 40 bayan Ista, ranakun sukan faɗo daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Yuni, daidai lokacin da ido yake kan gabas ana jiran hadari. Daga Fentikos kuma sai kalanda ta yi shiru wata biyar ko shida, babu babban idi. Cikin wannan shirun ne ake noman fari da maimai, cikinsa marka take sauka, hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba, zazzaɓi ya kwantar da yara. A watannin da manomi ya fi bukatar waƙa, a nan littafin ya fi ƙarancin abin da zai ce masa.

Idin da ya fi kama ƙasa a ƙauye shi ne godiyar kaka, wanda a kalandar Turai ma baƙo ne, domin wani limamin ƙauye mai suna Robert Hawker ne ya fara shi cikin majami'arsa a kudu maso yammacin Ingila a 1843. A nan kuwa ba a bukaci a koya wa kowa shi ba. Ana shigo da damman gero da dawa, da kaji, wani lokaci da akuya, a jere su gaban bagade, bayan sujada a yi gwanjo, kuɗin ya tafi ga rufin kwano ko abincin mai bishara. Kowa yana ganin abin da kowa ya kawo, wanda a ƙaramin gari ba ƙaramin al'amari ba ne.

A irin wannan rana ne ake jin inda waƙar Hausa ta majami'a take da rai, wato bakin Zumuntar Mata. Su ba su jira littafi ba. Mace ɗaya ta ba da waƙa, sauran su amsa, ana bugun bakin tulu, ana kaɗa caki da ƙuge, tsarin jagora da 'yan amshi ke nan na waƙar daka da ta dandali. Tun da murya da kalma tare aka haife su, dogon wasali yana samun tsawonsa, zance yana fita sarai. Suna waƙar fari da rashin lafiya da mijin da yake shan giya da kuɗin makaranta. Ƙungiyoyin Sabon Rai, da suka bazu daga Jos cikin shekarun 1960, su ma wannan hanya suka bi.

Ba a ce waƙoƙin nan ba su da nasu rauni ba. Da yawa gajeru ne ƙwarai, ɗango biyu ana ta juya su, kuma gargaɗi ya fi yawa a ciki, ba su cika ɗaukar doguwar ma'ana irin ta tsofaffin waƙoƙin littafi ba. Waɗanda Hausa ba harshen uwa ba ne gare su sukan bar jinsin mace ya ɓace, a ji ya inda ake jiran ta. Mafi muni, ba a rubuta su. Waɗanda suka shiga kaset a shekarun 1980 sun lalace tare da kaset ɗin, wasu kuma sun bi masu su kabari. Majami'un birni suna ta komawa Ingilishi da jita da amsa-kuwwa, matasan ƙauye kuma birni suke kwaikwayo. Har yanzu littafin da aka ɗaure da bango, ake riƙewa da hannu biyu, shi ne mai muryar aro, waƙar matan kuwa sai an zo karɓar baiko ake ba ta fili.