Bandar Naman Layya a Bader Goula

Duk wanda ya yi Babbar Salla a ƙasar Dakoro ya san hidimar layya ba ta ƙarewa da yanka, domin bayan an sauko daga Idi, an feɗe raguna, an soya kayan ciki an ci, sai mas'ala mai wuya ta taso, watau yadda za a tsare sauran naman a ƙasar da zafi kan lalata tsoka cikin yini guda, alhali galibin gidaje ba lantarki, balle firji. Bader Goula, wadda ke cikin ƙasar Dakoro, tana arewacin jihar Maraɗi, a shiyyar da gonar Bahaushe ta haɗu da makiyayar Bafillace da Buzu, shiyyar da hukuma ta shata wa iyakar noma da dokar 1961. Ƙasar dabbobi ce, amma talaka bai cika ganin nama jibge a gidansa ba sai a wannan rana.

Shari'a ba ta bar al'amarin kara zube ba. Ya tabbata a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ajiye naman layya fiye da kwana uku a shekarar da mabuƙata daga ƙauye suka kwararo Madina, daga baya kuma ya yi izini a ci, a yi sadaka, a ajiye. Fuƙaha'un Malikiyya sun fifita rago a kan sa, sun hana sayar da naman ko fatar, ba su kuma yarda mutane su yi tarayya a kuɗin dabbar layya ba. Saboda haka san da unguwa kan haɗa kuɗi ta saya a yi watanda, naman salla ne, ba layya ba.

Daga irin wannan sa ne ake samun ƙirji, yanki mai tauri da jijiya, mai kitse a shimfiɗe, wanda yake tona asirin mai gaggawa. Idan aka ɗora shi bisa harshen wuta sai bayansa ya ƙone, cikinsa na ɗanye, kafin kwana biyu ya yi ɗoyi. Matan da suka ƙware sukan tsaga shi sala-sala, su shafe da gishiri, su jera a bisa waya ko itatuwa nesa da garwashi, su bar hayaƙi mai sanyi-sanyi yana ratsa shi, ana juyawa, har ruwan ya tsane, launin ya koma ja mai duhu, ƙauri ya kama shi. Wasu sukan ƙara da soyawa cikin kitsensa a tura a tukunya a rufe, ana tsakurowa don miya har a ga watan Muharram. Itacen ma ba kowane ba: busasshen icce mai nauyi irin aduwa ake so, ba wanda zai yarda da tumfafiya.

Mutanen Texas ta Amurka sun shahara da gasa wannan yanki a hayaƙi, sukan yini a kansa don ya yi laushi a cinye nan take. Mu kuwa muradinmu ya bushe ya daɗe, kuma a ganina namu ya fi buƙatar basira, tun da kuskurensa ba ya bayyana sai bayan kwanaki.

Abin da ban yaba ba shi ne kwaikwayon Yamai, inda ake banƙare rago sukutum a jikin sanduna, a kewaye gagarumar wuta yini guda. Naman yana da daɗi, ba musu, amma iccen da yake lashewa ya fi ƙarfin dajin Dakoro, wanda fari da gatari suka riga suka rage. Garwashi kaɗan a murhun uwargida ya wadatar, da sharaɗin an fitar da rabon maƙwabci da miskini tukuna.